Shekarar da Aka Kwashe Kifayen Halifa

Zainab, Faruk, wannan babin naku ne ku biyu. Tun da na fara rubuta tarihin nan nake kewaye shi. Na rubuta ƙuruciyata a Gusau, na rubuta zuwana ƙasar nan karatu, na rubuta yadda na auri Ummanku, amma duk sanda na iso nan sai na ajiye biro na ce gobe. Yanzu likita ya fara yi mini magana a tausashe, irin wadda suke yi wa wanda ba sa so su firgita, don haka ba zan sake ɗagawa ba. Akwai abin da kuka riƙe a rai game da Ummanku da yayanku Halifa, kuma ba yadda kuka ɗauka abin ya faru ba.

Kun taso kun tarar da Halifa a yadda yake, ba ku ga farkon abin ba. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa ba ma kiran sunansa na yanka. Ya kai shekara huɗu bai ce uffan ba, sannan likitocin Birmingham suka gaya mana sunan larurar, otizim, daga baya kuma farfaɗiya ta zo ta ƙaru a kai. Lokacin da nake ba ku labari yana da shekara goma sha tara, ya fi ni tsawo, ya fi ni faɗin kafaɗa, amma kalmomin bakinsa ba su cika goma ba. Abinci kuwa sai wanda Ummanku ta zuba masa da hannunta ta ajiye a gabansa. Idan ni na zuba, ture farantin yake yi. Ita ke yanke masa farce, ita ke gane ciwon kai daga yadda yake riƙe kunnensa, ita kaɗai ke iya dafa kafaɗarsa bai zabura ba.

A unguwarmu ta Aston akwai wata ƙaramar cibiya da wata ƙungiyar agaji ke gudanarwa domin irinsu Halifa, yana zuwa sau uku a mako. A can muka san Malam Sa'idi, ɗaya daga cikin masu kula da su, dattijo Musulmi ɗan ƙasar Malawi, wanda aka haifa a bakin babban tafkin ƙasarsu. Shi ne ya kafa tankin gilashi na kifaye a zauren cibiyar, tsawonsa ya kai na ƙofar ɗaki idan an kwantar da ita, ya jera duwatsu a ciki wani kan wani har kusan saman ruwa. Ranar farko da na kai Halifa, ya saki hannuna ya nufi tankin, ya ja kujera ya zauna hancinsa na kusan taɓa gilashi. Yaron da ba ya iya zama minti biyar a wuri ɗaya, ranar sai da aka yi azahar yana nan. Na tsaya bayansa ina kallon kifayen, ƙanana ne, babbansu bai wuce tsawon yatsa da rabi ba. Wasu shuɗaye masu ratsin baƙi, wasu ruwan ɗorawa fes, wasu ruwan lemo, suna shiga ramukan duwatsu suna fita, suna korar juna ba hutawa. Malam Sa'idi ya matso kusa da ni, da Turanci muke magana da shi, ya ce:

"Sunansu mbuna. A wajenmu ma'anarsa kifin dutse. Ba za ka same su a tsakiyar ruwa ba, sai gindin duwatsu. Kowane namiji da raminsa, a nan yake kwana, a nan yake tsare gida. Ka gusar da dutse ɗaya, yini za su yi suna faɗa."

Na ce, "To me ya ja hankalin yaron nan haka?"

Ya ce, "Injiniya, kullum ya zo kowa yana inda ya bar shi. Mutane ba sa yi masa haka."

A cikin shekara biyu dattijon nan ya koya wa Halifa abin da makarantu suka gaza. Ya koya masa ɗibar abincinsu da yatsu biyu, koren gari mai kamar busasshen ganye, kada ya wuce haka, domin su masu kankarar gansakuka ne a jikin dutse, idan aka cika musu abinci mai nama cikinsu kumbura yake yi su mutu. Ya koya masa goge gilashin gaba ya bar na baya da gansakukarsa. Ya koya masa ɗiga magani a ƙaramar kwalbar ruwa ya gwada launin da jikin kati, don ruwan famfon garin bai dace da su ba sai an gyara shi. Har kalma Halifa ya ƙaru da ita. Idan gari ya waye ranar zuwa cibiya, zai tsaya bakin ƙofa da takalmi a hannu ya ce, "Dutse." Wata rana na je ɗaukarsa na tarar Malam Sa'idi yana dariya har da hawaye. Ashe Halifa ne ya ja shi gaban tanki, ya nuna wata macen kifi da ta ɓuya a lungu, sannan ya kumbura kumatunsa. Macen mbuna a baki take riƙe ƙwanta, ta yi kusan mako uku ba ta ci ba har su ƙyanƙyashe, kuma Halifa ya riga kowa ganin haɓarta ta cika. Na dawo gida na ba Ummanku labari, ta sa ni na maimaita mata sau biyu.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka iso kanmu. Ku kuna yara, abin da kuka sani shi ne an rufe ɗakin karatun da kuke zuwa ranar Asabar. Mu kuwa wasiƙa muka samu, mai ladabi ƙwarai, cewa tallafin da hukumar birni ke ba ƙungiyar ya tsaya, za a rufe cibiyar kafin bazara. Iyaye suka yi taro, aka rubuta koke, na sa hannu, Ummanku ta je ta tsaya cikin sanyi da kwali a hannu, ita da ba ta son a ɗauke ta hoto. Ba abin da ya sauya. Makon ƙarshe Malam Sa'idi ya zo gidanmu ya duba falo, ya buga ƙafa a ƙasa ya ji siminti ne, ya ce tankin na Halifa ne idan mun yarda. Ya ɗauki hoton duwatsun ta kowane gefe, ya rubuta lamba a ƙasan kowanne, ƙarti huɗu suka ɗauko tankin, kuma kafin la'asar kowane dutse ya koma inda yake. Kifi ɗaya bai mutu ba. Watannin da suka biyo baya su ne mafi kwanciyar hankali da gidanmu ya taɓa gani. Za ku tuna kuna aikin makaranta a teburin falo, yayanku na zaune gaban gilashi yana ɗan gunjin nan nasa na jin daɗi, Ummanku na kicin ta bar ƙofa a buɗe ba ta fargabar komai.

Ni kuwa a lokacin ƙasa na zamewa a ƙarƙashina. Kamfanin da nake yi wa aiki gyaran hanyoyi yake yi wa hukuma, da hukuma ta daina ba da aiki sai aka fara sallamar mutane. Shekara goma sha shida ina wurin, a minti goma aka gama da ni. Wata biyar na yi a gida. Ina sa kwat da safe na fita kamar mai zuwa ofis, na je na zauna a masallaci, don kada maƙwabta su gane. A wurin taron 'yan uwa Hausawa, inda kowa likita ne ko akanta, idan aka tambaye ni aiki sai na ce alhamdulillahi na sauya zance. Da aka kira ni daga Manchester, aikin bai kai wanda na rasa ba, amma na karɓa tun kafin mutumin ya gama bayani. Wani ɗalibi ɗan Katsina da ya kammala digirinsa na uku zai bar fulat ɗinsa a Fallowfield, ɗaki uku a saman bene, tsohon gini mai daɓen katako. Na hau na taka daɓen, na ji yadda yake lanƙwasa. Aikina ke nan, ban buƙaci kowa ya gaya mini ba zai ɗauki tankin nan da ruwansa da duwatsunsa ba. Duk da haka na ce ina so.

Da na dawo na gaya wa Ummanku, tana yanka alayyaho a kicin. Ta ajiye wuƙar ta juyo.

"Baban Halifa, kifayen fa?"

"Sai dai a bayar. Benen ba zai ɗauka ba."

"To ka tafi kai kaɗai mana tukuna. Ka kama ɗaki ɗaya, ka riƙa zuwa mana ƙarshen mako. Tafiyar awa biyu ce. Idan ka samu gida na ƙasa sai mu biyo ka da su."

"Ni da girmana in koma zaman ɗaki ɗaya cikin 'yan makaranta? Iyalina a wani gari, ni a wani gari? Me mutane za su ce?"

"Mutane ba su ke kwana da shi ba. An raba shi da cibiya, an raba shi da Malam Sa'idi. Wannan kaɗai ya rage masa."

"Hadiza, kifi ne fa. Kifi. Zai yi kuka kwana biyu ya manta. Na gama magana."

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka. Ku lura da wannan: ta faɗi hanyar da ta dace, kuma hanyar tana yiwuwa. Da wahala, amma tana yiwuwa. Ni na ƙi, kuma ba don ku ba, ba don ita ba. Na gaji da jin kaina ƙarami, ina so na shiga sabon gari da iyalina a bayana kamar mutumin da bai taɓa faɗuwa ba. Na kira Malam Sa'idi, lokacin ya koma aiki a wani gidan tsofaffi, na roƙe shi ya karɓi kifayen. Ya ce ɗakinsa ko gado da kyar ya ɗauka. Sannan ya ce:

"Injiniya, ina roƙonka don Allah, kada ka ɗauke masa gida da duwatsun a lokaci ɗaya. Ɗaya zai iya ɗauka. Biyu ban sani ba."

Na yi masa godiya na kashe waya, na kira wani mai shagon kifi a unguwar Selly Oak muka sa rana.

Mun shirya da Ummanku cewa ranar zan fita da Halifa tun safe, na kai shi wurin shaƙatawa, mu daɗe, kada ya ga ana kwashewa. Ni na ɗauki wannan alkawarin. Da ranar ta zo na tashi na dube shi yana ɗibar abincinsu da yatsu biyu, sai na ji ba zan iya dawowa da shi na tsaya kusa da shi a gaban bangon da ba komai ba. Na shiga kicin na ce wa Ummanku dillalin sabon gidan ya kira, dole na je Manchester karɓar makulli yau, ba ɗagawa. Ƙarya ce. Makullin yana aljihuna tun kwana uku. Ta ce to a ɗaga zuwan mai shagon. Na ce zan kira shi a hanya. Ban kira ba. Na tuƙa mota har Manchester, na zauna a ƙasan fulat ɗin da ba kowa, wayata tana ta ruri a aljihu, na san ita ce, ban ɗauka ba.

Abin da ya faru a gidan ku kun ga ƙarshensa, ni ko wannan ban gani ba. Mutanen sun zo su biyu da bokitai, suka ce an riga an gama magana da maigida, kuma ba za su sake samun mota ba sai bayan mun tashi. Ta kira ni ba adadi. Ta san idan aka bar kifayen a gidan da ba kowa mutuwa za su yi, sai ta buɗe musu. Ba a kama mbuna sai an fitar da duwatsu, don haka a gaban idon Halifa aka riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya gurɓace, kifayen na gudu ba wurin ɓuya. Ya yi kan mutanen, ta shiga tsakani ta riƙe shi da iya ƙarfinta. Da suka kusa gamawa ta ɗauki bokiti ɗaya da kanta don su yi sauri su fita. A daidai nan kuka dawo daga makaranta. Kun ga Umma da bokiti a hannu, yayanku yana buga goshinsa da bango jini na zuba. Hoton da kuka riƙe ke nan, shi ma hoton da ya riƙe ke nan. Da na dawo da magariba na tarar da ita zaune a matakala, ta ɗago ta dube ni, ba ta tambaye ni makulli ba.

Daga ranar Halifa bai sake cin abincin da ta zuba ba. A Fallowfield idan ta ajiye faranti sai ya kife shi. Idan ta shigo ɗaki ya juya wa bango fuska. Sai ya zama ni nake zuba masa, ni da na yi abin, daga hannuna yake karɓa. Kowace safiya yana tsayawa bakin ƙofa da takalmi ya ce, "Dutse," har ya gaji ya daina, bai kuma sake furta wata kalma ba. Na sayo ƙaramin tanki na sa mbuna uku a ciki, ban san cewa idan sun yi kaɗan a wuri matsattse babban kashe sauran yake yi ba. Cikin mako guda saura ɗaya. Halifa ko kallon wurin bai yi ba. Takardunsa kuma duk sai an sake su daga farko, domin mun sauya gari. Na cike fom, na sake cikewa, aka ce muna layin jiran a zo a duba shi, layin kuma dogo ne don an rage ma'aikata. Wata bakwai ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ina fita aiki, kuna fita makaranta, ita ake bari a saman bene da saurayi mai ƙarfi wanda ba ya son ganinta, ɗalibai a ƙasa suna buga kiɗa, shi kuma ƙara na haukata shi.

Wata Laraba da hantsi ya samu ƙofa a buɗe ya nufi matakala. Ta biyo shi ta kama rigarsa don titin ƙasa bas ke wucewa, ya fizge, ta gangara har ƙasa, hannunta ya karye biyu. Ɗaliban ne suka kira motar asibiti, 'yan sanda suka biyo baya. A gadon asibiti tana ta cewa santsi ne ya kwashe ta, ba wanda ya yarda. Aka ce ba zai koma gida ba sai an samu natsuwarsa. An ce muku ita ta sa hannu a takardar tsare shi. Hannunta na dama yana cikin filasta. Ni na sa.

Ba gado a kusa, sai a wani gidan kula da irinsu can bayan Birmingham, garin da na fitar da shi daga ciki. Kowace Asabar muna tuƙawa. Tana tashi ta dafa masa shinkafa da wake da mai da yaji, abin da ya fi so, ta zuba a kula. Makonnin farko tana shiga tare da ni, da ya gan ta sai ya fara dukan kansa, har ma'aikatan suka roƙe ta ta daina. Sai ta koma zama a mota. Ni na shiga da kular, na zuba masa, ya ci, magunguna sun sa ya yi ƙiba, hannunsa na rawa, idonsa kamar mai barci. Idan na fito, tambayarta ɗaya ce:

"Ya cinye?"

"Ya cinye."

"An yanke masa farce?"

Wata goma sha huɗu muna haka. Ranar wata Litinin ina ofis aka kira ni, farfaɗiya ta kama shi da safe bai farfaɗo ba. Ummanku ba ta sake ganin fuskarsa ba sai da aka yi masa wanka.

Zainab, kina da shekara goma sha biyar. Ranar uku, bayan masu gaisuwa sun watse, kika tsaya a ƙofar kicin kika gaya mata da Turancinki na Birmingham cewa ita ta ba da kifayensa, ita ta kai shi can, ita ta kashe shi. Faruk yana bayanki, na ga fuskarsa. Ina zaune a falo, taku biyar tsakanina da ku, na ji kowace kalma. Ban tashi daga kujerata ba. Da kuka shige ɗaki na je na same ta tana wanke kofunan shayi, na ce zan kira ku na faɗi gaskiya.

Ta ce, "Bar su. Sun rasa yayansu, sun rasa ni. Idan suka rasa ka, wa ya rage musu a ƙasar nan?"

Na karɓi wannan magana da sauri, na mai da ita hujja, na rayu a bayanta shekara da shekaru. Na ga yadda kuka girma kuna gaishe ta a taƙaice, kuna kawo mini labaranku ni. Na ga ranar aurenki, Zainab, da kika rungume ni kika miƙa mata hannu. Na ga Faruk yana kiran wayata ya ce a gaida Umma. Kowane lokaci ina cewa bari wannan hidimar ta wuce, bari azumi ya wuce, har ciwonta na ƙarshe ya zo.

Kwana biyu kafin rasuwarta kun fita neman abinci, muka rage mu biyu a ɗakin asibiti. Na kama hannunta, wanda ya karye ɗin, na ce Hadiza ki yafe mini. Ta ɗaga ido ta kalli rufin ɗaki. Sannan ta ce:

"Abin da ka yi mini na yafe tun tuni, duniya da lahira. Na yaran, kai da su. Na Halifa kuwa ba nawa ba ne balle na yafe."

Na yaran shi ne wannan da kuke karantawa, na kawo muku shi a makare, bayan wadda ya kamata ku nemi yafiyarta ta tafi. Ban rubuta don ku tausaya mini ba, kuma idan kun daina ɗaukar wayata ba zan ce kun yi laifi ba. Ku je kabarinta ku biyu, ba tare da ni ba, ku yi mata addu'ar da kuka hana ta saboda ni. Na Halifa kuma, ba wanda zan roƙa a duniyar nan. Ina jira na je na same shi.